Haƙarƙarin Jar Mota

Daga Allah muke, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga mu. An yi masa salla a Harami bayan azahar, maza suka kai shi makwancinsa suka dawo. A Makka ba a rubuta suna a kan kabari, kowa ya san wannan. Shi ya sa na ɗauki biro, da ɗan rubutun nan da na koya da girmana, don kada ya tafi babu wata alama.

Kwana ukun zaman makoki lungunmu na Mansur bai ɗauki mutane ba. Kujerun maza sun kai har bakin titi, mu mata muna sama. Wata mai tuyar waina ta hawo da kaskonta a hannu, ta ajiye a gabana ta ce, "Kin ga nan? Sau uku yana tsagewa, sau uku yana ɗinke min shi. Ban san me zan ce miki ba, shi ya sa na zo da shi." Masu tura alhazai a keken guragu sun zo su da yawa. Maigidana ya ce ɗayansu, ƙaton mutum, ya kasa gama gaisuwa, sai cewa yake wa zai miƙe masa ƙafar keke yanzu. Har wani tsoho ɗan Yaman da suka yi shekaru suna faɗa da Baba a kan inuwar bango ɗaya ya zo, ya sha gahawa, ya ce, "Mutumin nan ya fi ni taurin kai, kuma ya fi ni gaskiya."

Goggo kuwa, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta zauna kusa da taga tana leƙen lungu. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Ba shi ba ne." Kowa ya san wa take jira: ɗan ƙanin Baba, wanda Baba ya riƙe tun rasuwar ubansa, wanda na goya a bayana, wanda har yau nake ce wa ƙanena don ba ni da wata kalmar. Bai zo salla ba. Bai je maƙabarta ba. Sai rana ta uku da la'asar muka ga farar motarsa ta toshe bakin lungu.

Zan zo kansa. Bari in fara da mai gaskiya.

Baba samkari ne, wato mai gyaran jikin mota da guduma. A hanya aka haife shi, iyayensa sun taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji suka yada zango a Sudan, zangon ya zama shekaru. Da ya zama saurayi ya tsallaka Asmara neman aiki, ya faɗa hannun wani Bature ɗan Italiya da yake kira Usta. Shi kuma Usta a ƙasarsu ya yi aiki a ƙarƙashin wani babban gwani, mai zana siffar mota kuma masanin injinta, wanda har yau masu ƙera motoci ke kwaikwayon layinsa. Baba bai taɓa ganin mutumin nan ba, sai a wani ɗan hoto da Usta ya manna a bango. Mai Zane yake ce masa. Idan yana cikin nishaɗi sai ya jero su kamar yadda malamai ke jero waɗanda suka karɓi karatu a wurinsu: "Ni daga Usta, Usta daga Mai Zane, Mai Zane kuma daga iska." Wai Mai Zane yana kallon yadda iska ke bin jikin abu ne kafin ya ja layi.

Ba ya duba aiki da ido. Rufe idon yake yi ya shafa da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ko tire ka miƙa masa da shayi sai ya shafa gefensa, in ya ji lotsawa ba za ka sake ganin tirenka ba sai gobe. Inna, Allah ya ji ƙanta, har ɓoye tukwanenta take yi. Ta ce, "Malam, ka bar min ko ɗaya da tabonta, in riƙa gane tawa a gidan biki."

Abin da ya tsana a duniya shi ne ma'ajun, wannan farin ƙullun da ake shafa wa mota a cike rami kafin fenti. Ya ce wanda ya shafa ma'ajun bai gyara ba, ɓoyewa ya yi. A kan wannan suka fara samun saɓani da ƙanena, ina ji daga kicin.

"Ya Baffa, zamani ya canza. Mutane sauri suke so."

"To su je wurin mai sauri."

"Aikin kwana biyu kana mai da shi wata guda!"

"Motar ce ta ce wata guda. Je ka yi musu da ita."

Dariya muka yi a lokacin. Ban san farkon abu nake ji ba.

Warshar, wato garejin, Baba ne ya kafa ta da hannunsa bayan ya ƙaraso Makka. Amma ba shi da takarda. Zamanin da abin ke da sauƙi ƙaninsa ya bi layi ya samu ta zama ɗan ƙasa, shi kuwa Baba yana ƙarƙashin wata mota yana cewa gobe. Goben ba ta zo ba. Don haka da ƙanena ya girma sai aka sa sunansa a komai. Shi ke ofis mai sanyi, Baba na waje da guduma. Baba bai taɓa ganin aibun haka ba. Cewa yake, "Ɗana ne. Sunansa sunana."

Wata rana aka kawo wata tsohuwar jar mota daga Jidda a bayan babbar mota, an lulluɓe ta da tamfol. Ta wani dattijo ce, ta mahaifinsa, gefen damanta duk ya murƙushe tun wani tsohon hatsari. Baba ya dawo gida ranar bai iya cin abinci ba don murna. Ya ce tun kafin a yaye tamfol ɗin ya sa hannu a ƙugunta ya gane. "Ta Mai Zane ce. Wallahi tasa ce. Shi ba zai taɓa shiga garin nan ba, ba musulmi ba ne, amma ga 'yarsa ta zo har inda nake."

Wata biyar ya yi yana ƙera mata bayan dama daga farin ƙarfe, alminiyam, yana kwaikwayon gefen hagu mai lafiya. Saura ƙofa da gaba. Sai dattijon ya zo dubawa. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya ji ƙarfe ne zalla babu ma'ajun. Ya juyo ya nuna Baba, wanda ke tsaye da guduma da rigar aiki, ya tambayi ƙanena wane ne wannan.

Baba bai taɓa gaya min amsar ba. Mai shayin ƙofar warsha ne ya gaya wa maigidana. Ƙanena ya ce da Larabci, "Wani tsoho ne ɗan takari, muna barinsa yana ɗan taɓa aiki don tausayi. Wannan ni na yi, a wurin 'yan Italiya na koya."

Ɗan takari. Mutumin da ya tauna dabino ya sa masa a baki ranar da aka haife shi.

Da Baba ya dawo na tambaye shi ko lafiya, ya ce, "Lafiya lau. Yau dai na ji Larabci da kyau." Washegari ƙanena ya aiko, bai ma zo da kansa ba, wai masu duba takardu sun matsa, gara Baffa ya huta a gida. Aka kawo masa gudumominsa a buhu.

Ni mai haƙuri ce, kowa a lungun nan zai shaida. Ban taɓa ɗaga murya a kan ɗan kowa ba. Amma daga ranar na ajiye wani abu a cikina, kuma ban bar shi ya huce ba.

Baba bai zauna ba. Ashe tun kafin a kore shi ya riga ya ɗauki awon gefen hagun motar da waya da takarda. Ya sa maigidana ya samo masa katako, ya hau saman bene ya fara yanka. Na ce, "Baba, bayan abin da aka yi maka?" Ya ce, "Motar ba ta yi min laifi ba." Kowane katako yana da lanƙwasar wani wuri a jikin ƙofa ko gaba, a kansu ake ɗora ƙarfe a daidaita shi. Goma sha ɗaya ne. Haƙarƙari yake ce musu, kuma da ka jera su sai ka ga haƙarƙarin ne.

Idonsa ya riga ya fara tafiya, don haka ni ce mai riƙe masa. In na sallami yara makaranta, na ɗora sanwa, sai in hau. A nan na ga abin da ba kowa ya sani ba. Baba ba ya ɗora ƙarfe a kan tsuran katako, wai katako yana yi wa alminiyam tabo. Kowane haƙarƙari yana da ɗamararsa ta fatar raƙumi da ake shimfiɗa masa a baki. Saboda haka da gangan yake yanka katakon ya gaza, fatar ce ke cika awon. Kuma ba kaurinsu ɗaya ba. Da aska yake fere kowace, tsakiya da kauri, baki-baki sirara, yana shafawa ido rufe har sai ta yi masa. Haka Usta ya koya masa. In an gama sai ya cire fatun ya shafe su da mai ya naɗe, ya sa a gwangwanin madara, katakan kuma a rataye a bango.

Ƙanena ya sha ganin irin fatun nan a warsha. Bai taɓa tambayar amfaninsu ba. Abin da ya taɓa cewa kawai shi ne suna wari.

A saman benen nan ne 'yata ta hawo wata rana da waya, ta ce an ce wani babban mai zana motoci na Italiya ya rasu, ta nuna masa hoton. Baba ya kai wayar har bakin hancinsa. Ya daɗe. Ya ce, "Ya tsufa. Shi ne." Ya ajiye aska, ranar bai ƙara taɓa komai ba. Can ya ce, "Bai san da ni ba. Ni kuwa da layinsa na ciyar da ku." 'Yata ta ce ai duniya duk tana ta yabonsa, ana jero motocinsa. Baba ya ce, "Madalla. Shi nasa sun faɗi sunansa."

Bai ambaci ƙanena ba. Amma na ji.

Shekara biyu haƙarƙarin nan na rataye. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai Baba ya ɗaga kai. Na san abin da yake jira. Ba warsha yake so a mayar masa ba. So yake yaron ya hawo ya ce Baffa na yi kuskure, shi kuma ya ce ɗauki, je ka gama ta. Ko a jinyarsa ta ƙarshe ya tambaye ni sau biyu, "Ba wanda ya zo?" Na ce mutane sun zo da yawa. Ya ce, "To."

A can kuwa 'yata na nuna min ƙanena a waya, yana tsaye jikin jar motar yana shafa bayanta, yana ba da labarin yadda ya ƙera shi. Ba ya faɗin cewa sau biyu ma'aikatansa suna gwada ƙofar, sau biyu dattijon na ƙwanƙwasawa da zobe ya ji ma'ajun ya ce a cire.

To, rana ta uku da la'asar ya zo. Ya gaisa da maza, ya hawo sama ya tsaya bakin labule yana ƙamshin turare.

"Yaya, Allah ya ba mu haƙuri. Wallahi aiki ne ya riƙe ni a Jidda."

Goggo ta ce, "Wane ne wannan? Ku ce masa gidan 'yan takari ne nan, kada ya ɓata farar rigarsa."

"Haba Goggo."

"Goggon wa? Ni ban haɗa jini da 'yan Italiya ba."

Na ce, "Goggo, bar shi. Ya zo gaisuwa." Na sa aka kai masa gahawa. Bai gama kofi na biyu ba ya sauke murya.

"Yaya, an ce Baffa ya bar wasu katakai a sama. Yani, na motar nan. Ke ba abin da za ki yi da su."

Ko kwana uku Baba bai cika ba. Na ji abin nan da na ajiye ya motsa. Na ce, "Katakan kake so?"

"Su kawai."

"Su kawai?"

"Su kawai, Yaya, Allah ya saka."

Na ce ya hau ya kwasa. Goggo ta kusa cinye ni. "Kin haukace? Gumin ɗan'uwana za ki miƙa wa wannan?" Na ce, "Abin da ya tambaya na ba shi, Goggo." Gwangwanin madarar yana ƙarƙashin gadona. Ban yi ƙarya ba, ban kuma yi ƙari ba. In da laifi a shirun nan, na ɗauka, kuma na san a gaban wa zan amsa shi.

Wata uku ban ji komai ba. Duk Juma'a bayan na gama aiki sai in fito da fatun in shafe su da mai kamar yadda yake yi, in mayar.

Sauran labarin daga mai shayi ya zo. Ma'aikatan sun bi katakan sak, ƙarfe a kan tsuran katako. Da aka zo ɗaura ƙofa da gaba sai ga su sun gaza ta ko'ina, ga tabon katako layi-layi. Dattijon ya zo da abokansa biyu masu son tsofaffin motoci, don ƙanena ya riga ya yi masa alkawarin ranar. Ya sa ɗan yatsansa a tsakanin ƙofa da bayan da Baba ya yi, yatsan ya shige. Ya ce, "Hannun da ya yi wannan ba shi ya yi wannan ba. Ina tsohon nan?"

Da hantsi ƙanena ya zo, ba turare.

"Yaya, akwai abin da ba ki ba ni ba."

"Katako ka tambaya."

"Don Allah, Yaya. Mutumin nan zai ɗauke motarsa, kuma duk Jidda za ta ji. Warshar za ta mutu."

"Warshar wa?"



Na ce masa, a hankali, don ban iya ihu ba, "Akwai abin da ya rage, kuma ba za ka iya yin irinsa ba ko ka shekara kana gwadawa. Yana wurina. Ka je ka zo da mai motar nan lungun. Ka tsaya inda aka jera kujerun makokin da ka makara. Ka faɗa masa wane ne tsohon, a gaban mutanen da suka san shi."

"Ki bari in gaya masa a waya."

"A gaban mutane ka musa shi."

"Yaya, kunya za ki ba ni?"

"E."

Kwana tara ya yi bai dawo ba. Na yi zaton girman kai zai ci shi, kuma wallahi da ya ci shi da na bar fatun nan sun ruɓe tare da ni. Rana ta goma bayan la'asar sai ga su. Dattijon ya sauko da sandarsa yana kallon wayoyin lantarkinmu da shanyarmu. Maigidana ya riga ya sanar, lungu ya cika: masu tura keke, ɗan Yaman, mai waina da kaskonta a kan wuta. Mu muna taga.

Ƙanena ya yi magana da Larabci, kansa a ƙasa. Ya ce tsohon nan wan mahaifinsa ne. Ya ce shi ya rene shi, shi ya kafa warshar, kuma bayan motar aikinsa ne, shi bai taɓa riƙe guduma ba.

Goggo ta leƙa ta ce, "Ba mu ji ba! Da Hausa!"

Ya ɗaga kai ya dubi tagar. Hausar tasa ta yi tsatsa, amma ta fito. "Baffana ne. Ni na ce ban san shi ba. Baffana ne."

Mai waina ta juya wainarta.

Na sauko da gwangwanin har bakin ƙofa, na miƙa wa maigidana, na yi bayani daga bayan labule: kowace fata da lambar haƙarƙarinta, tsakiya a tsakiya. Dattijon ya ciro ɗaya ya shafa. Na lura ya rufe ido. Ya tambayi sunan Baba, da na wanda ya koya masa. Na faɗi na Baba cikakke har kakansa. Na ce daga Usta ya karɓa, Usta daga wanda ya zana motar. Ya rubuta. Ya ce za a buga sunan a ƙarfe a cikin ƙofar, inda duk mai buɗewa zai gani. An ce wani ɗan Sudan aka samo yana aikin yanzu, kuma ƙofar ta zauna.

Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya miƙe masa hanya kamar yadda ya miƙe wa mutane abin da ya lanƙwashe musu. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.

Da mutane suka watse ranar, ƙanena ya tsaya a ƙasan matakala shi kaɗai.

"Yaya, kin yafe min?"

Na ce, "Ba ni ka musa ba."

"To yaya zan yi?"

"Wanda ka yi wa yana maƙabarta. Ka je ka tambaye shi."

Ya ce, "A wane layi yake?"

Na ce, "Waɗanda suka kai shi sun sani." Na saki labule.